Kafin ka sayi kwamfutar zanen 3D, buɗe bakinta ka duba haƙori

Tun da na fara sa hotunan ɗakuna da shagunan da nake zanawa a waya, kusan kullum sai wani ya tare ni, ko a bakin masallaci ko a teburin mai shayi, da tambaya iri ɗaya: wace kwamfuta zan saya in fara irin aikin nan naka? Wasu ma ta waya suke kira, daga Sabo ta Ibadan, daga Fatakwal, har da wani ɗan uwa daga kasuwar shanu ta Lokpanta. Amsar ba ta ƙarewa a tsaye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta.

Ni ba injiniya ba ne. Sakandare na gama a nan Agege. Mahaifina fataucin shanu yake yi, daga Potiskum yake lodi zuwa Abbatuwa ta Oko-Oba, kuma aikina na farko a duniya shi ne riƙe masa littafin bashin mahauta. Zane kuwa a wajen wani Bayarabe mai zana gidaje na fara gani, ina yi masa aike yana bari in taɓa kwamfutarsa in ya tashi, sauran kuma a YouTube na tsinta. Yau da aikin nake ci. Kafintoci suna kawo min kicin da wadrob in zana musu don su nuna wa kwastoma kafin a yanka katako, masu silin ɗin POP haka, kwamitin masallaci ma sun taɓa sa ni na zana musu ginin da suke tara wa kuɗi.

A farkon 2022 Baba ya sayar da sa guda ya danƙa min kuɗin, ya ce tun da na nace, in je in sayo abin. Na shiga wani shago a nan Legas. Mai shagon ya nuna min wata baƙar kwamfuta 'yar tokumbo, tana sheƙi, ya ce Core i7 ce, RAM gig 16, katin hoto gig 4. Da na ji i7 sai na ji kamar an ce min ga Aljanna. Ko kunna ta ban sa an yi da kyau ba, na biya na ɗauko. Hoton falo ɗaya na sa ta fitar min bayan isha'i, har ƙarfe biyu na dare ba ta gama ba, aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Mai aikin ya jira kwana uku, ya kai wa wani.

Da na gaya wa Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai, da za ka biya, ka buɗe bakinta ka duba haƙori?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, kwamfuta ba ta da haƙori." Ya ce, "Duk abin da ke tsufa yana da inda ake gane shekarunsa, kai dai ba ka san wurin ba ne." Gaskiyarsa. Abin da ke ƙasa shi ne wuraren, kamar yadda na gano su bayan kuɗin sa ya tafi.

Da farko ka san aikin 3D kashi biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke ci a cikin kwamfuta ba. Akwai gini, lokacin da kake jan bango, kana fasa taga, kana jera kujeru, kana juya ɗakin kana kallo. Akwai kuma renda, wato lokacin da kwamfuta za ta lissafa haske da inuwa da sheƙin tayil ta fitar da hoton ƙarshe mai kama da na kyamara. Gini ya fi dogara da saurin firosesa da yawan RAM. Renda kuwa, a yawancin manhajojin da muke amfani da su yanzu, katin hoto ne ke ɗaukar nauyinta. Don haka kafin ka tambayi kowa farashi, tambayi kanka da wace manhaja za ka yi aiki. Mai AutoCAD da Revit da SketchUp zalla, wanda filan yake fitarwa, ya fi buƙatar firosesa mai sauri. Mai Lumion ko Twinmotion ko Blender, wanda hoto da bidiyo yake sayarwa, kuɗinsa kan katin hoto ya kamata ya fi tafiya. Ni Blender na fi riƙewa, saboda kyauta ce tun 2002, gidauniyar da ke kula da ita tana Amstadam, ba ruwanka da neman ta sata mai zuwa da ƙwayar cuta.

To, mu fara da inda aka kama ni, wato firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Kamar a ce maka "bijimi ne", ba a faɗa maka mai haƙori biyu ne ko wanda haƙoransa suka gama zubewa ba. Haƙorin yana cikin lambar da ke biye. Tawa i7-3770 ce. Wannan 3 ta farko tana nufin zubi na uku, wanda ya fito a 2012. Shekara goma ke nan a ranar da na saya. In ka ga i5-12400, to 12 ɗin ne zubi, ta 2022 ce, kuma ta yi wa waccan i7 ɗin fintinkau. Kai, ko i3-12100, wadda sunanta ke sa mutane su raina ta, ta fi i7-3770 sauri nesa ba kusa ba. Masu shago sun san yawancinmu iyakar abin da muka haddace shi ne 7 ta fi 5, 5 ta fi 3, da shi suke cin mu.

Akwai wani dalilin kuma. Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na 8, kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari. Duk wanda ya sayar maka da zubi na 4 ko na 6 yau, tsohuwar saniya ya sayar maka, ko da tana da ƙiba.

A cikin firosesa akwai abin da ake kira kor, ka ɗauke su kamar leburori. Wajen gini yawanci lebura ɗaya ne ke aiki sauran suna kallo, saboda haka saurin kowane ɗaya ya fi yawansu amfani. Shi ya sa ba na ba mai farawa shawarar tsofaffin Xeon ɗin nan da ake tallata su da kor goma sha. Kor shida na zamani sun ishe ka. Biyu ne na ga sun dace da aljihun irinmu: Ryzen 5 5600 ta AMD da i5-12400F ta Intel, kowace kor 6. Ka lura dai, dukkansu biyun ba sa fitar da hoto da kansu, harafin F ɗin nan ma abin da yake nufi ke nan. In babu katin hoto a jiki, sikirin baƙi zai tsaya, kada ka ce an ba ka matacciya.

Yanzu katin hoto, inda maganar take da tsawo. Abu biyu ake dubawa a jikinsa: ƙarfinsa, da kuma yawan ma'ajiyarsa, wadda ake ƙirgawa da gig. Ƙarfi shi ne injin tirela, ma'ajiya ita ce bodi. Duk abin da ke cikin zanenka, bango da labule da kafet da bishiyoyin waje da hoton kowane tayil, sai an loda shi cikin bodin nan kafin a tashi. In kaya sun fi bodi, ko manhajar ta ce ma'ajiya ta cika ta tsaya cak, ko ta koma tana rarrafe. In kuma bodi ƙato ne injin na keke-napep, lodi zai shiga amma ba za a isa ba. Nawa na farko irin wannan ne, GT 730 mai gig 4. Gig ɗin gaskiya ne, amma katin na kallon fim ne da aikin ofis, ba na renda ba.

A ganina mai farawa kada ya sauka ƙasa da gig 8, kuma ya nemi wanda sunansa ya fara da RTX. Tun 2018 Nvidia ta fara sa wa katunan RTX wani sashe na musamman mai lissafin tafiyar haske, kuma Blender tana amfani da shi in ka shiga saiti ka zaɓi OptiX. Mutane da yawa suna sayen katin su manta da wannan saitin, su bar firosesa tana ta wahala kati yana barci. Katunan AMD ba su da laifi, Blender tana aiki da su, Lumion ma haka, kuma sau da yawa sun fi araha. Amma akwai manhajojin renda da aka gina su kan fasahar Nvidia, saboda haka wanda bai san inda aiki zai kai shi gobe ba, Nvidia ta fi masa kwanciyar hankali.

Muhawarar da na fi sha da abokai ita ce tsakanin RTX 3060 mai gig 12, na 2021, da RTX 4060 mai gig 8, na 2023. Na biyun ya fi sauri, kuma wat 115 yake ci, na farkon kuwa wat 170. Na farkon ya fi bodi. Ni 3060 na ɗauka, domin aikina cikin ɗaki ne, kayan ɗaki da yawa, labule mai ninki, kuma na gwammace in ƙara jiran minti biyu da a ce min lodi bai shiga ba. Amma wanda kan inbata yake aiki, ko zanensa kicin ne da ƙananan kaya, bambancin wat 55 ɗin nan ba abin rainawa ba ne, 4060 ya fi masa. Mai hali kuma ya duba 4060 Ti ko 5060 Ti masu gig 16. A nan ma akwai tarko: waɗannan biyun kowane yana da na gig 8 da na gig 16, shi kansa 3060 akwai na gig 8 da ya fito daga baya, wanda bai kai na gig 12 ƙarfi ba. Suna ɗaya, kaya daban. Karanta kwali, sannan ka tabbatar a cikin kwamfuta.

Wani abin da ake yaudarar masu zane da shi shi ne kalmar Quadro. Za a ce maka wannan na ƙwararru ne, na injiniyoyi. E, a zamaninsa. Quadro K2000 gig 2 gare shi, kuma na 2013 ne. Ƙwararren da ya yi ritaya ne.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ba abin kunya ba ne, nawa ma na hannu ne. Sai dai ka san tarihin kasuwar. Shekarun baya masu haƙar kuɗin kirifto sun tara katunan hoto suna kunna su dare da rana. A Satumba 2022 Ethereum ta canza tsari, haƙar ta da kati ta ƙare, sai katunan suka malalo kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, wasu lafiyarsu ƙalau, amma wasu fankarsu ta gaji, man da ke sanyaya su ya bushe. Akwai kuma na jabu, tsohon kati irin GTS 450 da aka canza masa suna a ciki yake nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da filas ɗinka, ka sa GPU-Z da FurMark a ciki, duka kyauta ne. GPU-Z zai nuna maka ainihin sunan katin da gig ɗinsa, wasu na jabun ma yakan rubuta a gaban sunan cewa jabu ne. FurMark kuma zai sa katin gudu iya ƙarfinsa. Bar shi minti ashirin kana tsaye. Kalli sikirin ko za ka ga ɗige-ɗige masu launi ko layuka, saurari fanka ko tana kuka, duba zafi, in ya doshi digiri 90 akwai magana. Sannan ka buɗe Blender ka sa ta fitar da hoton ajin makarantar nan na gwaji da ke shafinsu. In mai shago ya ce ba shi da lokacin wannan, ko wai mai ya yi tsada ba zai ta da janareta ba, ka ce za ka sayi lita ɗaya. In ya ƙi, yi gaba. Wanda ya hana ka tayar da sa ka ga tafiyarsa, ya san abin da ke ƙafar.

RAM kuwa shi ne faɗin teburin aikinka. Gig 16 shi ne ƙasa, da shi za ka fara, amma ranar da ka buɗe Revit da Lumion da Chrome a tare za ka ji kwamfuta tana nishi. Gig 32 ne kwanciyar hankali. Ka sayi sanda biyu iri ɗaya, misali 16 da 16, maimakon sanda ɗaya mai 32, saboda biyu suna buɗe hanya biyu ne zuwa firosesa. Akwai DDR4 akwai DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Kada ka danna da ƙarfi.

Madabod, wato faifan da komai ke hawa kansa, ba ya ƙara wa renda sauri, don haka kada fitilu masu launi su ci maka kuɗi. Abin da ake nema ya dace da firosesa. Ryzen 5 5600 tana zama a mazaunin AM4, kan B450 ko B550, da DDR4. In B450 ne tsohon ajiya, wataƙila sai an sabunta masa BIOS kafin ya gane ta, ka sa a yi a shagon. Ita i5-12400F mazauninta LGA1700, kan H610 ko B660 ko B760, kuma waɗannan akwai masu DDR4 akwai masu DDR5, sai ka tambaya kafin ka sayi RAM. Nemi mai ramin RAM huɗu don gobe. In na hannu ne, haska fitilar waya ka duba allurai: na Intel a jikin madabod suke, na AM4 a jikin firosesa. Ɗaya ta lanƙwashe, rigima ce.

Ma'adana ba ta da dogon bayani. Windows da manhajoji da aikin da kake kai su zauna kan SSD irin NVMe, ɗan siririn nan kamar cingam, gig 500 ko tera 1. Tsohon had-dis mai juyawa yana karanta kamar megabait 150 a daƙiƙa, SSD na SATA kamar 550, NVMe kuwa yana haura 3,000. Had-dis bai mutu ba dai, shi ne rumbu, ka riƙa kwafe ayyukan da ka gama a kansa. Na hannu kuma ka duba shi da CrystalDiskInfo, zai gaya maka awa nawa ya yi yana aiki. Shi ma haƙorinsa ke nan.

Sai maganar da bidiyon Turawa ba za su gaya maka ba, saboda su ba a ɗauke musu wuta: lantarki. Wallahi a ƙasar nan rabin lafiyar kwamfuta a nan take.

Fara da fawa saflai, akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa. Shi ne mutane suka fi yi wa rowa, kuma shi ne in ya mutu yakan tafi da maƙwabta. Irin wanda ake haɗawa da kes kyauta, an rubuta wat 500 a jiki amma ka ɗaga ka ji kamar gwangwanin madara babu komai, kada ka ɗora masa katin da ka sayar da rago ka saya. Nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus, ko da Bronze ne. Wat 550 Nvidia ta ce a yi amfani da shi ga 3060 da 4060, ni na sa 650 don in sami sarari. In da abu ɗaya da zan ce ka saya sabo a kwali, to shi ne. Araha ba ta ado.

A nan ne kuma kwamfutocin ofis 'yan tokumbo suke ba da kunya. Da na gane kuskurena, na ce bari in canza kati kawai in huta. Ashe fawa saflai ɗinta wat 240 ne, ba shi da wayar da ake soka wa babban kati, filoginsa na kamfaninsu ne shi kaɗai, ba a musanya shi da na kasuwa, kes ɗin kuma siriri ne, katin ma ba zai shiga ba. Dole na sayar da ita da asara ga wani mai shagon buga takardu, inda can ne gidanta tun asali.

Bari mu yi lissafi. Kati wat 170, firosesa ƙasa da 90, madabod da RAM da fankoki kamar 50, sikirin kamar 30. Ka ce wat 350 lokacin da renda ta yi zafi. Ɗan ƙaramin UPS ɗin nan mai 650VA da ke ko'ina, kada lambar ta ruɗe ka, VA daban wat daban, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Yana bakin iyakarsa ke nan, in batirin ya ɗan kwana biyu, ana ɗauke wuta zai yi ƙara ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Nemi 1200VA zuwa 1500VA. Aikinsa ba ya riƙe ka awa ɗaya ba ne, ya ba ka minti biyar ka adana aiki ka ta da janareta. Wasu fawa saflai na zamani ba sa shiri da wutar ƙananan UPS, don haka a gwada a gabanka: a kunna FurMark, a zare filogi daga bango, a gani ko za ta tsaya. In unguwarku wuta tana zuwa rabi-rabi, sa sitabilaiza a gaba. Kuma in za a juya daga janareta zuwa wutar layi, ko ana jin janareta yana tari mai zai ƙare, kada kwamfuta ta kasance a jone kai tsaye.

Ga masu mita, wat 350 na awa takwas yunit 2.8 ne. Da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilu 2024, naira 630 ke nan a wuni. Ka sa shi cikin kuɗin aikin da kake caji, yawancinmu mantawa muke yi. Masu inbata kuma, batir ɗaya mai bolt 12 da 200Ah, in ba ka so ka kashe shi da wuri rabinsa za ka sha, abin da zai riƙe ka kamar awa uku ke nan.

Wata dabara da ba ta cin ko kwabo: in bidiyo kake fitarwa, kada ka sa manhaja ta fitar da shi dunƙule. Sa ta fitar da hotuna ɗaya bayan ɗaya a folda, daga baya ka haɗa. In wuta ta tafi a hoto na 180, daga na 181 za ka ci gaba. Da na san wannan tun farko, da na rage kuka.

Zafi da ƙura su ma abokan gaba ne. Kes mai gilashi ta ko'ina yana da kyau a hoto, amma a ɗaki ɗaya na Agege da rana tsaka tanda ne. Sayi mai raga a gaba, fanka biyu suna shigo da iska, ɗaya tana fitarwa ta baya. Kada ka ajiye shi a ƙasa, ƙura ce da rani, ruwa ne da damina, wanda ya zauna Legas ya san me nake nufi. Ni da nake kusa da Abbatuwa, ga hayaƙin babbaka ga ƙura, duk wata nake buɗewa in hure da bulowa, ina riƙe fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa.

Sikirin inci 24 irin IPS ya isa, don launin da ka gani ya zama shi kwastoma zai gani. Talabijin ɗin falo yana ƙara wa launi gishiri, za ka zaɓi ruwan toka a buga ya fito wani abu daban. Wayar sikirin kuma a jikin katin hoto ake soka ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. Na taɓa zuwa har Mile 12 duba kwamfutar wani da ya ce an cuce shi, ashe wannan ce kawai matsalar. Linzami ya zama mai taya a tsakiya, da ita ake juya zane.

Masu tambayar laftof fa? Tana da batir a jiki, wannan babban abu ne a nan, kuma kana iya ɗaukar ta zuwa wajen kwastoma. Amma suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba: RTX 3060 na laftof gig 6 ne, rabin na tebur, ga zafi, ga shi ba a canza kati in ya tsufa. In kana da wurin zama tsayayye, ta tebur ta fi. In a shagon wani kake kwana, laftof ɗin ce taka.

Ranar saye, ko Computer Village ta Ikeja za ka ko wata kasuwar, kada ka je kai kaɗai. Baba bai taɓa shiga kara a garin da ba a san shi ba sai da dillalin da ya yarda da shi, kuma bai taɓa jin ciwon la'ada ba. Nemi wanda ya san kayan, ka biya shi kuɗin wuninsa. Ka shiga shago mai lamba, ba wanda ya tare ka a bakin titi ya ce biyo ni ba. A haɗa a gabanka, a rubuta lambar jikin kowane kaya a rasit, a rubuta kwana nawa aka ba ka na gwaji. In an ce sati ɗaya, ka yi satin nan kana ba ta wahala. Farashi kuwa dala yake bi, tun da aka saki naira a Yunin 2023 abin da aka gaya maka yau ba lalle ya kai jibi ba, don haka ka riƙe rabo a kai maimakon lamba. Ni kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗina kan kati ya tafi, kuma tun kafin in fara ciniki na ware na UPS gefe, saboda in ka bar shi ƙarshe ba za ka saya ba.

Ta biyun ban koma wajen Baba ba, kunya ba za ta bar ni ba. Wata tara na yi ina tarawa, ina aikin dare a kwamfutar maigidana. Da fawa saflai da kes da SSD na fara, kati da firosesa na bar su ƙarshe, na saye su rana ɗaya don kwanakin gwajin su yi min amfani. Abin da ke kan teburina yanzu: Ryzen 5 5600, B550, RAM gig 32, RTX 3060 mai gig 12, NVMe tera 1, fawa saflai wat 650. Falon nan da ya cinye min dare, na sake buɗe fayil ɗinsa don in gani, kafin shayina ya huce ya fito.

Watan jiya Baba ya zo ɗakina, ya ce in zana masa gidan da yake so ya gina a Potiskum in ya daina zirga-zirga. Na zana, na ba shi linzami yana juyawa da kansa, ya leƙa zaure, ya leƙa ɗakin Inna. Ya daɗe shiru, sannan ya ce ƙofar baya ta yi ƙanƙanta, sa mai ƙaho ba zai wuce ba, kuma in matsar da turken nesa da rijiya. Na gyara, yana zaune hoton ya fito. Ya ce in buga masa biyu, ɗaya zai kai wa magini.